Na'urar Auna Ƙwayoyin Sinadarai: Abin Yi Idan Awonta Ya Ƙi Tsayawa Wuri Ɗaya

Gabatarwa

Manoman rani na Makera da sauran ƙauyukan da ke kewaye da madatsar ruwa ta Zobe, a ƙasar Dutsin-Ma, sun san amfanin maganin ƙwari, haka ma masu ajiye wake a rumbuna da shaguna tun daga Kurfi har zuwa kasuwar Dawanau ta Kano. Abin da ido ba ya gani shi ne ragowar maganin da kan maƙale a jikin amfanin gona bayan an yi feshi, ko bayan an zuba shi a buhu don gudun ƙwari. A shekarar 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da shigar busasshen wake daga Nijeriya, saboda an yi ta samun ragowar wani magani mai suna daikulobos, wato sinadarin da ke cikin fiya-fiya, fiye da ƙa'idar da suka yarda da ita. Ƙa'idar kuwa ita ce miligiram 0.01 a kowane kilogiram. Domin mai karatu ya gane ƙanƙantar wannan adadi, daidai yake da a raba giram 1 na maganin a cikin buhu 1,000 na wake, kowane buhu mai cin kilo 100.

Babu sikelin da zai iya wannan awo. Na'urar da ake dogara da ita sunanta mas-sifektiromita, wato mai tantance ƙwayoyin sinadarai bisa nauyinsu. Akwai ta a wasu jami'o'i da cibiyoyin bincike, kuma Cibiyar Binciken Fasahar Sinadarai ta Ƙasa da ke Basawa, Zariya, ta daɗe cikin wuraren da ɗaliban jami'o'in Arewa kan kai samfurinsu. Wani nau'inta ne aka yi amfani da shi a lokacin annobar gubar dalma ta Zamfara a 2010, wadda ta kashe yara fiye da 400. Ƙananan na'urorin da likitoci suka shiga ƙauyuka da su ba sa iya karanta abin da ya wuce maikurogiram 65 a kowace desilita ta jini, alhali jinin yara da yawa ya zarce haka, sai aka riƙa tabbatar da awon wasu samfura da babbar na'ura a Atlanta ta Amurka.

Ke nan lambar da wannan na'ura ta fitar tana iya yanke hukunci a kan cinikin manomi ko maganin yaro. To, yaya ke nan idan an sa mata samfuri ɗaya sau uku, ta ba da amsa uku mabambanta? Ma'aikata da yawa kan yi saurin ɗora laifin a kan sashen da ke ƙidaya ƙwayoyin, wanda za a kira shi idon na'ura a wannan darasi. Sau da yawa kuwa idon lafiyarsa ƙalau, abin da aka miƙo masa ne kawai yake bayyanawa.

Yadda na'urar take aiki

Duk wanda ya ga mata suna shiƙar hatsi ya ga tushen aikin. Iska kan kwashi ƙaiƙayi ta kai shi nesa, tsaba kuwa ta faɗi kusa, saboda nauyinsu ba ɗaya ba ne. Ita ma na'urar rarrabewa take yi bisa nauyi, sai dai da ƙarfin lantarki take aiki a maimakon iska. J. J. Thomson ne ya fara nuna haka a Kambirij ta Ingila wajen 1913, inda ya ga iskar niyon ta rabu gida biyu, mai nauyin 20 da mai nauyin 22. Almajirinsa Francis Aston ya ƙera ingantacciyar na'ura a 1919, ya kuma sami lambar yabo ta Nobel a 1922.

Nau'in da ake auna maganin ƙwari da shi yana da zango huɗu. Da farko akan jiƙa niƙaƙƙen wake a wani ruwan sinadari, a ɗebi ɗigo kaɗan da allura a tsira shi ta wata 'yar roba. Iskar hiliyam ta tura tururinsa cikin wani siririn bututu naɗaɗɗe mai tsawon kimanin mita 30, inda sinadaran kan fito ɗaya bayan ɗaya. Daga nan sai ɗakin caji, inda wata 'yar waya mai zafi, irin ta cikin ƙwan fitila na da, take watso elektiron. Su ne kan bugi ƙwayoyin su farfasa su, su bar su da caji. Ƙwaya mai caji ita ake kira ayon. Zango na uku rariya ce ta sanduna huɗu na ƙarfe, wadda Wolfgang Paul na Jamus ya ƙirƙiro a 1953. Ta hanyar sauya ƙarfin lantarkin da ke kan sandunan, nauyi ɗaya tak ake bari ya wuce a kowane lokaci. Daikulobos, alal misali, an fi gane shi da gutsattsarinsa masu nauyin 109 da 185. Zango na ƙarshe shi ne idon. Ɗakin caji da rariya da ido duk suna cikin akwatin ƙarfe da famfuna biyu suka zuƙe wa iska, domin kada ayon ya ci karo da ƙwayar iska a hanya.

Idon na'ura

A zamanin Thomson da Aston farantin ɗaukar hoto ne idon. Yau kuwa galibi wani abu ne da ake kira maninkin elektiron. Wani yana da siffar ƙaho na gilashi, wani kuma jerin ƙananan faifai ne na ƙarfe. Cajin ayon ɗaya ya yi ƙanƙantar da ba za a iya auna shi kai tsaye ba, saboda haka sai a ninka shi. Idan ayon ya bugi bakin maninkin, elektiron kaɗan kan fito. Ƙarfin lantarki mai yawa, tsakanin bolt 1,000 da 3,000, shi ke fizgar su zuwa faifai na gaba, inda kowannensu zai fitar da wasu, haka har ƙarshe.

Lissafin wannan ninki ya cancanci ɗalibi ya ɗauki alƙalami. A ce faifan 12 ne, kuma kowane elektiron yana fitar da 3 a kowane faifai. Idan aka ninka 3 da kanta sau 12 za a sami 531,441. To, a ce fuskar faifan ta ɗan yi dauɗa, ko ƙarfin lantarki ya ɗan sauka, har abin da ke fita ya koma 2.8 a maimakon 3. Ragin bai kai kashi 7 cikin 100 ba. Amma 2.8 sau 12 a kan kanta ba ta wuce kimanin 232,000 ba, wato ƙasa da rabin na farko. Ƙarfin idon da rauninsa wuri ɗaya suke: ƙaramin canji a kowane mataki yakan zama babba a ƙarshe. Idan an daidaita na'ura da safe, sa'an nan idon ya rasa rabin ƙarfinsa da la'asar ba a sani ba, waken da ke ɗauke da miligiram 0.018 zai fito a matsayin 0.009, a ba shi takardar wucewa.

Shin rawar ta gaskiya ce?

Kafin a taɓa ko da ƙusa ɗaya, sai a tambaya ko akwai matsala ma tukuna. Ayon ba sa isowa a jere kamar sojoji. Kamar ɗigon yayyafi suke zuwa, wani lokaci a cunkushe, wani lokaci jefi-jefi. Dokar lissafi ta nuna cewa rawar da ke cikin kowace ƙidaya irin wannan takan kai kimanin lambar da idan aka ninka ta da kanta za ta ba da jimillar. Idan ayon 100 ake ƙidayawa, amsa za ta riƙa hawa da sauka da kimanin 10, wato kashi 10 cikin 100. Idan 10,000 ne, rawar 100 ce, wato kashi 1 cikin 100 kacal. Wannan rawa babu makanikin da zai gyara ta. Maganinta shi ne a ƙara lokacin da na'ura ke tsayawa a kan kowane nauyi, ko a ƙara kaurin samfurin.

Malami na iya nuna wa ɗalibai wannan a aji ba tare da wata na'ura ba. A gauraya jan wake kaɗan cikin mudu ɗaya na farin wake. A sa ɗalibai goma su ɗiba da cokali su ƙirga jajayen, sa'an nan su sake ɗiba da kofi. Za a ga amsoshin masu cokali sun yi nesa da juna, na masu kofi kuwa sun matso kusa, in an auna su da yawan abin da aka ƙirga.

A fara daga waje

Idan rawar ta wuce abin da lissafi ya yarda da shi, to akwai matsala. Ƙa'idar bincike biyu ce: a fara da abin da ya fi sauƙi da araha, kuma kada a canza abu biyu a lokaci guda. Wanda ya canza robar allura, ya wanke ɗakin caji, ya kuma ƙara ƙarfin lantarki duk a rana ɗaya, ko da na'urar ta warke bai san abin da ya warkar da ita ba, ranar da ciwon ya dawo kuwa sai ya sake lalube.

Siffar rawar ita kanta tana nuni. Raguwar da ke tafiya sannu a hankali cikin makonni ko watanni alama ce ta dauɗa ko tsufa. Wadda ke hawa da sauka cikin sa'o'i takan bi zafin ɗaki. Tsalle na farat ɗaya, sirara kamar allura a kan zanen da kwamfuta ke fitarwa, yawanci daga lantarki yake. Ba za a iya rarrabe waɗannan ba sai da littafin rajista, inda ake rubuta matsin iska, da zafin ɗaki, da ƙarfin lantarkin ido, da lokacin da aka ɗauke wuta, kowace rana.

A ƙasar Hausa abubuwa uku na waje sun fi kowane dameji. Na farko ɗauke wuta. An ƙera na'urar ne don ta kwana ta wuni a kunne wata da watanni. Babban famfonta yana juyawa sau dubu goma-goma a minti ɗaya, kuma duk lokacin da wuta ta yanke ba shiri, iska da danshi kan koma cikin akwatin, wani lokaci har da tururin man ƙaramin famfo. Bayan wuta ta dawo ana bukatar sa'o'i da dama, in da hali ma kwana guda, kafin awo ya daidaita. Mai gaggawa da ya fara awo bayan rabin sa'a zai ga lambobi suna ta tafiya, ya ce ido ya lalace. Sauyawa daga wutar gari zuwa janareta ma kan girgiza ƙarfin lantarki. Abin takaici ne a ga an kashe kuɗi mai yawa an sayo na'ura, amma ba a ware kuɗin batirin ko-ta-kwana da sitabilaiza ba, domin waɗannan ba ƙawa ba ne, sashe ne na na'urar.

Na biyu zafi. A watan Afrilu zafin rana a Katsina kan haura digiri 40, alhali na'urar ta fi son ɗaki mai digiri 20 da ɗoriya wanda ba ya canzawa. Idan na'urar sanyaya ɗaki tana kamawa tana saki, ko tana hura sanyi kai tsaye a jikin akwatin, za a ga awo yana bin ta sau da ƙafa. Na uku ƙurar hunturu, wadda kan toshe fankokin sanyaya kayan lantarki. Idan kuma aka buɗe akwatin a ɗaki mai ƙura, ƙwaya ɗaya da ta sauka kusa da wayar babban lantarki ta isa ta riƙa haddasa tartsatsi.

A tambayi na'urar da kanta

Wani abin sha'awa shi ne na'urar tana iya bincikar cikinta. Idan aka sa ta karanta ƙananan nauyi ba tare da an saka samfuri ba, za ta faɗi abin da ke cikin akwatin. Nauyin 18 ruwa ne, 28 naitirojin, 32 oksijin, 40 agon, 44 kuwa iskar da ake fitarwa wajen numfashi. Idan 28 da 32 sun tashi tare, kuma na farkon ya ninka na biyun kusan sau huɗu, to iskar waje ce ke shiga ta wata kafa, domin haka rabon naitirojin da oksijin yake a iskar da ake shaƙa, kashi 78 da kashi 21. Kafar kan kasance a mahaɗar bututu da akwati, ko a zoben robar murfi. Idan 18 ne kaɗai ya yi yawa, danshi ne, haƙuri ne maganinsa. Ba a wasa da oksijin, domin yana cin wayar ɗakin caji, yana lalata shafen cikin bututu, yana kuma rage kwanan ido. Nauyin 207 da 281 alama ce shafen bututun ya fara zuba. Jerin 43, 57, 71, 85 kuwa yakan nuna mai, ko na famfo ko maiƙon yatsun wanda ya taɓa kayan ciki ba safar hannu.

Bayan wannan sai gwajin da ke raba na'urar gida biyu. A jikinta akwai 'yar kwalba mai ɗauke da wani ruwa da ake kira PFTBA, wanda tururinsa ke shiga ɗakin caji kai tsaye ba tare da ya bi ta allura ko bututu ba. Gutsattsarinsa sanannu ne: 69, 219 da 502. A buɗe shi a zuba ido na 'yan mintoci. Idan waɗannan sun tsaya cak amma samfuri yana rawa, to ɗakin caji da rariya da ido duk sun kuɓuta daga zargi. Laifin yana can baya, a allura mai kumfar iska, ko robar da ta sha huji har ta fara yoyo, ko 'yar kwalbar da samfuri ke zama tururi a cikinta, wadda dauɗar wake ta cika. Waɗannan su ne mafi araha, kuma su ne suka fi yawan kawo matsala.

Idan kuwa PFTBA ma yana rawa, sai a sake rabawa. A kashe wayar ɗakin caji a bar ido a kunne. Yanzu babu ayon ko ɗaya da ke tafiya, saboda haka zanen ya kamata ya kwanta shiru. Idan ya kwanta, rawar daga ɗakin caji take. Idan har yanzu yana tsalle, to an matso ga ido, ko wayoyinsa, ko akwatin da ke ba shi lantarki, ko wayar da ke kai wuta ƙasa. Ko a nan ma akan fara duba mahaɗar waya da ta saki kafin a zargi maninkin.

Dauɗa ko tsufa?

Saura tambaya mai wuya: awo ya ragu, shin ɗakin caji ne ya yi dauɗa ko ido ne ya tsufa? Manyan ayon sun fi jin jiki idan dauɗa ta rufe faifan da ke tura su, saboda haka ɗaki mai dauɗa kan fara zubar da 502 alhali 69 yana nan da sauran ƙarfinsa. Tsohon ido kuwa ba ya zaɓe sosai, duka ukun kan ragu tare. Littafin rajista zai ƙara haske. Duk lokacin da aka yi saiti, kwamfuta kan zaɓi ƙarfin lantarkin da ido ke bukata don ya kai awon da aka sa masa. Idan wannan adadi ya yi ta hawa a hankali, aka wanke ɗakin caji ya sauko, dauɗa ce. Idan an wanke bai sauko ba, kuma ya doshi iyakar da masu ƙera na'urar suka sa, to kwanan maninkin ya ƙare.

Akwai kuma ido mai lafiya da aka cika wa kaya. A cikin kowace ƙwayar kabon 100, kimanin 1 tana da nauyin 13 a maimakon 12. Saboda haka kusa da 69 dole a ga ɗan ƙaramin 70 mai kimanin kashi 1 cikin 100 na tsawonsa, kusa da 219 a ga 220 mai kashi 4 da ɗoriya, kusa da 502 kuma a ga 503 mai kimanin kashi 10. Wannan rabo halitta ce, ba ya canzawa. Idan ƙananan sun fi haka tsawo, mai yiwuwa ido ya ƙoshi ne har ya kasa ƙidaya manyan daidai, sai a tsarma samfurin ko a rage lantarki. Idan sun ɓace, ido ba ya ganin ƙananan abubuwa, irin awon da ake nema a wake kuwa duk ƙananan abubuwa ne.

Tarkon da sabon ma'aikaci kan faɗa shi ne ƙara wa ido lantarki duk lokacin da awo ya ragu. Lambobi za su tashi, hankali ya kwanta. Amma hayaniyar da ke ƙarƙashi ita ma ta tashi daidai gwargwado, dauɗar tana nan inda take, maninkin kuma yana ƙonewa da sauri. Kayan ɗakin caji ana kwance su a goge da garin alumina mai laushi, a ɗauraye da ruwan sinadari irin su metanol, a busar, a mayar da safar hannu. Shi maninki ba a goge shi. Idan ya mutu sai sabo, sabon kuma a bar shi cikin ƙunshinsa har ranar da za a saka, domin danshi na cutar da shi.

Sinadarin shaida

Ko na'ura mai cikakkiyar lafiya takan ɗan karkata cikin yini, saboda haka masana ba sa dogara da tsawon awon maganin shi kaɗai. A cikin kowane samfuri sukan zuba adadi sananne na wani sinadari da ba a samunsa a wake, wanda kuma halinsa ya yi kusa da na abin da ake nema. Shi ne shaida. Idan ido ya raunana da kashi 20 cikin 100, maganin da shaidar duk za su ragu tare, rabon da ke tsakaninsu ya tsaya yadda yake, kuma da wannan rabo ake yin lissafi. Masu auna dalma a jini ma haka suke yi, sai dai shaidarsu wani ƙarfe ne. Har ila yau akan saka samfurin da aka riga aka san amsarsa bayan kowane rukuni, misali bayan kowane 10. Idan ya fito daidai, a ci gaba. Idan ya kauce, a tsaya, a bi matakan da aka bayyana, a sake daidaita na'urar da sababbin ma'aunai, sa'an nan a maimaita awon duk samfuran da aka yi tun daga gwaji na ƙarshe da ya fito daidai, ko da an riga an rubuta sakamakonsu a takarda.